Daga Gafakar Sifawa Zuwa Shafin Intanet: Amanar Rubutun Hausa a Wannan Zamani



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da zancen kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne rubutu. A yau kundayen digiri, da waƙoƙin magabata, da sanarwar ma'aikatu, da sakamakon jarrabawa, duk ana ɗora su a kan shafukan intanet, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa abin da ya hau intanet ya tsira ke nan har abada. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ɗora rubutu a intanet ba da ajiya ne, kuma ajiya tana tsira ne kawai idan an cika sharuɗɗa uku: a sami amintaccen wurin ajewa, a yawaita kwafi, sa'an nan a rubuta da haruffan da kowane mai karatu zai iya gani daidai. Zan ɗauki misalaina daga garuruwa biyu da ke kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, watau Boɗinga da Shagari, domin kowannensu yana da tsohon tarihi da alƙalami.

Darasin Sifawa da Boɗinga

Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya koma Sifawa wajajen 1810, ya zauna can har 1815 sa'ad da ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga, kusa da shi. Sifawa a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga. Waɗannan 'yan shekaru sun cika da wallafa. A cikinsu ne Shehu ya rubuta Sirajul Ikhwan a 1811 da Najmul Ikhwan a 1812, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi kuma ya kammala Tazyinul Waraƙat a 1813.

Tambayar da ta shafe mu ita ce, yaya aka yi waɗannan littattafai suka iso gare mu bayan shekara fiye da 200, alhali ba injin ɗab'i, ga gara, ga ɓera, ga ruwan damina, ga gobara, ga yaƙi? Sun iso ne saboda tsarin da malamai suka bi. Da farko, littafi yana da ma'aji: a jera warƙoƙi a cikin tadarishi, a sa tadarishi cikin gafaka, a rataye gafaka nesa da ƙasa, kuma an san mutumin da ke da alhakinta. Na biyu, almajiri ba ya barin malaminsa sai ya kwafi abin da ya karanta, ta haka littafi ɗaya ya zama goma, goma ya zama ɗari, ya bazu har Kano da Zariya da Adamawa. In an gama kwafi akan yi muƙabala, watau a karanta sabo ana duba tsoho, domin a kama kuskure. Na uku, an yi rubutun da hannun da duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasar nan yake ganewa. Ma'aji, da yawan kwafi, da rubutu mai karantuwa: waɗannan su ne sharuɗɗan da na ambata, kuma zuwan kwamfuta bai soke ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai masaukin shafi

Bari mu fara da ma'aji. Shafin intanet ba a iska yake zaune ba. Tarin fayiloli ne da ke cikin wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ke kunne dare da rana a wani gini, wataƙila a Ikko, wataƙila a Jamus ko Amurka. Kamfanin da ya mallaki sabar shi ne mai masauki, mai shafi kuwa baƙo ne da ke biyan haya. Ban da hayar masauki akwai hayar suna, watau adireshin da ake bugawa a sami shafin. A Nijeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, ciki har da .edu.ng na makarantu da .gov.ng na hukumomi. Suna ba a sayensa a mallake shi dindindin. Ana sabunta shi ne lokaci lokaci, in aka yi sakaci wa'adi ya wuce, wani yana iya kama shi ya ɗora abin da ya ga dama.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to a wannan sha'ani mai masaukin ma raɓa ne. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, wurin da miliyoyin mutane suka gina shafukansu tun shekarun 1990. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa na tsawon kimanin shekara 12 sun salwanta garin ƙaura daga wata sabar zuwa wata. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Ku auna wannan da littafin da aka rubuta a Sifawa a 1812, wanda har gobe ana karanta shi a zaure.

Masu kutse

Bayan mutuwar mai masauki, haɗari na biyu shi ne ɓarawo. Ranar 28 ga Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, masu kutse suka shiga shafin hukumar zaɓe ta INEC suka sauya fuskarsa na ɗan lokaci. Amma misalin da ya fi kusa da mu masu nazari shi ne abin da ya sami Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan cikin Oktoba 2023. Wata ƙungiya mai suna Rhysida ta shiga kwamfutocinsa, ta kwashe bayanai, ta kulle sauran, ta nemi kuɗin fansa na bitkoyin 20, kimanin fam dubu 600 a lokacin. Ɗakin karatun ya ƙi biya, su kuma suka watsa bayanan da suka sata. Babban kundin sunayen littattafansa bai dawo ba sai Janairu 2024. Wannan ɗakin karatu shi ke riƙe da shirin ceton tsofaffin takardu da aka fara a 2004, wanda ya ɗauki hotunan rubuce-rubuce daga ƙasashe da dama, har da na Arewacin Nijeriya, kuma hotunan nan sun yi watanni ba mai iya buɗe su. A rahoton da hukumar ɗakin ta fitar a Maris 2024, ta nuna cewa mafi rinjayen zato ɓarayin sun shigo ne ta wata ƙofa da ba a sa mata mataki na biyu na tantance mai shiga ba.

Abin lura a nan shi ne, in wuta ta kama gemun ɗan'uwanka, shafa wa naka ruwa. Idan ɗakin karatu mai irin wannan ƙarfi ya durƙusa, ina ga shafin sashe ko na ƙaramar hukuma, wanda wani ɗan kwangila ya gina shekara biyar da suka wuce, ya tafi da kalmar sirri a aljihunsa?

Mafi yawan kutse ba ya bukatar wata gwaninta ta a zo a gani. Ƙofofi uku ne aka fi shigowa ta cikinsu. Ta farko ita ce kalmar sirri mai rauni, kamar sunan ma'aikata ko shekarar haihuwa, ko kalma ɗaya da mutum goma suka sani. Ta biyu ita ce tsohuwar manhaja. Kimanin kashi biyu cikin biyar na shafukan duniya an gina su ne da WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma akan liƙa mata ƙananan manhajoji domin ƙarin ayyuka. In aka gano ɓaraka a ɗayansu, masu shi sukan fitar da gyara, amma ɓarayi ma sun ji labari, sai su saki na'urori suna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya suna neman wanda bai yi gyaran ba. Ta uku ita ce wasiƙar yaudara, wadda ke zuwa da kamar daga mai masauki ko daga shugaba, tana neman ma'aikaci ya shigar da kalmar sirrinsa.

Akwai kuma tsaron hanya. Adireshin da ya fara da https yana nufin abin da ke tafiya tsakanin mai karatu da sabar a rufe yake, wanda ke tsakani ba ya iya karantawa ko sauyawa. A da takardar shaidar da ke ba da wannan sai da kuɗi, amma tun 2015 Let's Encrypt take bayar da ita kyauta, kuma tun Yuli 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Sai dai a kula, https shaida ce a kan hanya kawai. Ɗan damfara ma yana iya samun ta, saboda haka ba ta tabbatar da halin mai shafi.

Ga ma'aikatan gwamnati, wannan batu ya wuce ladabi ya zama doka. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ofishin da ya karɓi sunayen manoma ko na ɗalibai da lambobin wayarsu ya karɓi amana, kuma doka tana tambayarsa yadda ya tsare ta.

Yawan kwafi

Sharaɗi na biyu shi ne wanda almajiran Sifawa suka fi mu riƙo da shi. A Janairu 2013 an ƙona ko an salwantar da rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu a Mali. Abin da ya ceci mafi yawan taskar garin shi ne, tana warwatse a gidaje da dama, kuma mutane irin su Abdulƙadir Haidara sun riga sun kwashe dubban ɗaruruwa a asirce zuwa Bamako. Ba a tara ƙwai duka a kwando ɗaya.

Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari dabam. Kwafin da ke kan sabar ɗaya da shafin ba ajiya ba ne, domin abin da ya ci doma ba ya barin awai. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kamar littafi ne da ba a yi masa muƙabala ba. Akwai taskar Internet Archive, wadda aka kafa a 1996, mai ɗaukar hoton shafuka tana ajewa, tana kuwa da amfani ƙwarai, amma ita ma an yi mata kutse a Oktoba 2024 har ta tsaya na kwanaki.

Mu nan muna da ƙarin dalili. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Duk abin da yake a intanet kaɗai ya yi wa mutanen waɗannan wurare nisa a wannan lokaci. Don haka asalin takarda yana nan da darajarsa, kuma wurare irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna ba su tsufa ba. Hoto ɗa ne ga takarda, ba ya gadonta tana da rai.

Darasin Shagari: boko da ƙugiya

Sharaɗi na uku, watau karantuwa, shi ne zai kai mu Shagari. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a Disamba 2018 aka rufe shi a garinsu, malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa. Ya tsara Waƙar Nijeriya domin koya wa yara labarin ƙasa cikin harshensu, kuma an buga ta da boko. Shi da tsararsa su ne suka tashi da bokon da aka daidaita a shekarun 1930, lokacin da aka karɓi haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aikin Hukumar Talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a 1939, suka yaɗa su. A Nijar an ƙara da ƴ, inda mu muke rubuta 'y.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ke raba kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da baki da baƙi, da bari da ɓari. To amma kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 ya ba da lambobi 128 kacal, waɗanda suka ishi Turanci, ba ko ɗaya na ƙugiya. Da kwamfuta ta shigo jami'o'inmu, sai masu himma suka ƙera zubin haruffa na musamman, inda aka ari gurbin wasu alamomi aka zana ƙugiya a kai. Dabara ce da ta yi amfani a zamaninta, an buga kundaye masu yawa da ita. Illarta ita ce, ƙugiyar tana cikin zanen ne kawai, lambar da ke ƙasa ta wata alama ce. Da zarar fayil ya koma kwamfutar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu. Shi ya sa kuke ganin kundaye a intanet inda ƙasa ta zama }asa, ɗan ya zama ]an, ko kuwa q da x da v suka maye gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Ɗalibin da ya nemi Ɗegel ba zai sami kundin da ya rubuta Xegel ba, ko da kuwa kundin yana nan.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, kuma haruffanmu masu ƙugiya, manya da ƙanana, suna ciki tun farkon shekarun 1990. Domin burauza, watau manhajar da ake buɗe shafi da ita, ta nuna su daidai, abu uku ake bukata: a buga rubutun da lambar Unicode ta gaskiya, shafin ya sanar da cewa yana amfani da tsarin UTF-8, sa'an nan a sami zubin haruffa mai ɗauke da zanen ƙugiya, ko a na'urar mai karatu ko shafin ya zo da abinsa. In na biyu ya ɓace, sai a ga tarkacen alamomi. In na uku ya ɓace, sai a ga ɗan akwati a gurbin harafi, ko ƙugiya ta fito da wani zubi dabam ta zama bare a cikin kalma.

Ajami ya fi boko wuyar sha'ani. Ana rubuta shi daga dama, haruffa suna sauya siffa gwargwadon matsayinsu, kuma namu na bin hannun Magariba da ruwayar Warshu: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala mai ba da wasalin e. Zubin haruffan da aka yi domin ƙasashen Gabas ba ya ba da wannan kama. Tun daga 2005 Unicode take ƙara haruffan ajamin Afirka, kuma cibiyar SIL ta fitar da zubi biyu kyauta, Harmattan da Alkalami, na biyun an zana shi ne bisa hannun Kano. Saboda haka yanzu ana iya buga waƙar ajami a matsayin rubutu da za a iya bincika kalma a cikinsa, a aje ta gefen hoton asalin warƙa.

Wace burauza, wace waya?

Kuskuren da masu gina shafi suka fi yi shi ne su gwada aikinsu a kan babbar kwamfutar ofis kaɗai. Mai karatu a Ɗanchadi ko Shagari da ƙaramar waya yake buɗewa, da data da ya saya da guminsa, sau da yawa ta burauza irin Opera Mini, wadda ke matse shafi kafin ya iso, kuma garin matsewar takan watsar da wasu kayan ado. Shafin da ba ya aiki sai da manyan hotuna da kwalliya ya rufe wa wannan mutum ƙofa. Haka kuma wanda ya jingina ga kayan kamfani ɗaya yakan kwana ciki. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, an yi wa Internet Explorer ritaya a Yuni 2022, shafukan da aka gina domin su kaɗai suka zama kango. Wanda ya bi ƙa'idojin bai ɗaya na ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, shafinsa yana buɗuwa a Chrome da Firefox da Safari ba bambanci.

Shawarwari

Na ɗaya, sunan shafi da hayar masauki su kasance da sunan hukuma, ba da sunan ɗan kwangila ko ma'aikaci ɗaya ba, a kuma rubuta ranar sabuntawa a kalandar ofis.

Na biyu, kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa, a sa mataki na biyu na tantancewa, wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar.

Na uku, a naɗa mutum takamaimai da zai riƙa sabunta manhaja, ya riƙa bin sanarwar hukumar NITDA da ta masu manhajar kansu, maimakon jita-jitar dandalin sada zumunta. Ilmin fasaha ma yana bukatar isnadi.

Na huɗu, a yi kwafi uku, a gwada dawo da su aƙalla sau ɗaya a zango, a kuma adana asalin takarda.

Na biyar, sassan Hausa su wajabta Unicode a kowane kundi, su kuma sa ɗalibai aikin juya tsofaffin fayiloli, tare da muƙabala.

Na shida, kada a karɓi shafi daga hannun mai ginawa sai an buɗe shi a ƙaramar waya an ga ɓ da ɗ da ƙ da ido.

Kammalawa

Jama'a, malaman Sifawa da Boɗinga ba su da lantarki, amma sun miƙo mana abin da suka rubuta cikakke. Tsarar Alhaji Shehu Shagari sun karɓi bokon da aka yi wa ƙugiya domin ya faɗi Hausa daidai. Namu rabon shi ne mu tabbata cewa ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin ya sami abin da muka ɗora, ya kuma iya karanta shi. Wannan aiki ne na magatakarda da ma'ajin littattafai da malamin harshe, kamar yadda yake na injiniya. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.